Sunan da Jirgi Ya Wuce da Shi

Tun da aka kawo ni gidan miji, wani ƙauye can bayan Sukukutane, sunaye suke ta ƙarewa a bakina. Na maigida ba na faɗa, wannan kowace mace ta sani. Na uwarsa, wadda duk gida ke kira Inna, ba na faɗa, ko wata can daban na gamu da ita mai irin sunan sai dai in ce mata mai sunan Inna. Na wansa, Yaya Babba, ba na faɗa. Da na haifi ɗan fari, shi ma kunya ta rufe mini baki a kansa. "Kai" nake ce masa, ko "wannan yaron", kamar wanda na tsinta bakin hanya.

Ban san abin yana da nauyi ba sai ranar da na je ganin gida Tibiri, na shiga kasuwa da shi, lokacin bai daɗe da fara tafiya ba. Na tsaya ina tayin daddawa, na juyo, babu yaro. Na buɗe baki in yi kira, sai na tarar ba ni da abin da zan kira. Na ce, "Kai! Kai!" Rabin mazan kasuwa suka waiwayo, har da mahauci da wuƙarsa a hannu, ban da ɗana. Wata mai fura ta ce, "Baiwar Allah, mi as sunanshi mu taya ki kira?" Sunan yana nan kan harshena, ga gwaggona tsaye kusa da ni tana kallon bakina, ya ƙi fita. Sai hawaye. Can aka samo shi ƙarƙashin teburin mai gishiri, yana lasar hannu, hankalinsa kwance.

Daga ranar na ƙudura a raina, abin da zan haifa na gaba sai an sa masa sunan da zan iya tsayawa tsakiyar kasuwa in kwaɗa.

Maigida yana aiki a Agadas, a shagon wani Alhaji mai sayar wa masu haƙar zinariya kaya. Da ya zo hutun sallah, cikina ya riga ya fito, na zaunar da shi na gaya masa. Ya yi dariya har ya gaji, sannan ya ga ba dariya nake ba, ya yarda. Matsalar a nan take: in mace ce, Inna ta daɗe tana jiran takwara. Jikokinta mata da aka haifa kafin nan duk an kai sunansu wani wuri, kuma ba ta manta ba, takan tuna da shi ko tana tankaɗe. In aka sa wa ɗiyata sunan Inna, to an sake ɗinke mini baki har abada. Muka zaɓi wani suna da na ji a rediyo, wanda babu mai shi a danginsu, babu a namu. Muka shirya ba za a gaya wa kowa ba. Ran suna da safe, shi da kansa zai sunkuya ya raɗa wa liman a kunne, liman ya faɗa gaban jama'a, shi ke nan, sai dai a yi fushi a huce.

Dole sai yana nan da ƙafarsa, don na san mijina a waya. In Yaya Babba ya ce masa, "To ƙaƙa za a yi?" amsarsa guda ce tun yana yaro: "Yadda kunka gani, Yaya."

Na haihu ranar Asabar, tsakiyar damina. Mace.

A garinmu rezo, wato sabis ɗin waya, ba ya shiga gida. Yana can kan wani tudun yashi bayan gari, gindin gawo, sai an hau an ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa. Ni kuwa mai jego, ko bakin danga ba a bari in kai. Ƙanwar maigida ce ke hawa ta kawo mini labari. Sa'ata ce, tana aure nan cikin gari, bakinta kuma ba ya kwana da magana. Ranar Lahadi ta faɗo ɗakina tana haki.

"Matarmu, tashi ki yi wanka da turare, mijinki ya zama babban mutum. Ta sama za shi zo."

"Ta sama ƙaƙa?"

"Jirgi, 'yar ƙauye! Alhajin nasu ya yanka mai biye, goron barka. Ran Juma'a za shi tashi."

Na ce Juma'a fa, ga suna Asabar. Ta ce, "To da? Ke kin ɗauka jakin babanki na?"

Da ya so, tun ranar Litinin zai shiga kar, babbar motar nan da ke biyowa ta Tawa da Kwanni ta sauke mutum tsakiyar Dogon Dutsi. Haka yake zuwa kullum, ya iso da ƙafa a kumbure, amma ya iso. Sai dai wa zai shiga motar kar alhali ga biye, tikitin jirgi, a aljihu? A garinmu ba wanda ya taɓa hawa jirgi in ba don Makka ba. Shi zai zama na farko da ya hau don kawai zai zo gida.

Ranar Alhamis Yaya Babba ya iso daga Dutsi a kan babur, da ragon suna ɗaure a bayansa. Ɗan kasuwa ne, mai gemu da wando iya ƙwauri, da waya mai faɗi kamar faifai. Ya zauna tsakar gida yana gaida Inna, ni ina jin su ta bayan asabari. Inna ta ce hankalinta bai kwanta ba, yaron nan har yanzu bai taso ba.

"Inna, ki kwantar da hankalinki. Ga shi nan waya ta faɗi. Agadas zuwa Yamai, awa biyu ma ba ta cika. Dirak na, ba tsayawa." Ya karanto wasu kilomita ɗari-ɗari da ban riƙe ba.

"Awa biyu kamar mi ke nan?"

"Kamar ki ɗora wake. Kahin ya nuna, ya sauka."

Inna ta yi salati. Ƙanwar maigida ta leƙa wayar ta kan kafaɗarsa, ta zo ta gaya mini abin da ta gani: wani jan zare miƙe sambal daga ɗigo zuwa ɗigo, babu lanƙwasa, babu rami. Yaya Babba ya ɗora farce a kan zaren, kusa da ƙarshe, ya ce, "Ga mu nan. Ta bisa kanmu za shi bi."

Inna ta ce, "To tunda ta kanmu za shi bi, shi ce ma direban shi aje shi Dutsi mana."

Yaya Babba ya yi dariya har ya sarƙe. "Haba Inna, jirgi ba motar yas ba ne da za a buga mai ƙarfe a ce akwai sauka." Duk gida aka kwashe da dariya. Ni ma na yi, ina dafe da ciki.

Ni fargabata duk tana sama. In abin ya faɗo fa? In aka ba shi wurin zama kusa da taga sanyi ya kama masa ƙirji? Mutumin da ko bayan mota ya zauna sai ya yi amai, yaya za a yi da shi cikin gajimare? Kunun kanwa ma ya ƙi shiga. Tsohuwar da ke mini wankan jego ta ce in ban bar tunani ba nono zai gudu. Na kwana ina roƙon Allah Ya riƙe jirgin nan a sama, Ya sauke shi lafiya. Ko sau ɗaya ban roƙa masa komai a kan ƙasa ba. Ƙasa ai tamu ce, mun san ta.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci aka kira daga tudu: ya shiga jirgi. Inna ta tashi da kanta ta ɗora wake, don ta gani da idonta. Gari ya fito. Masu dawowa daga gona suka jingina hauya suka ɗaga kai, mata suka bar turmi. Aka daɗe ana kallon sama har wuya ya yi tsami. Can wani ya yi ihu. Na rarrafo bakin ƙofa da jaririya a hannu, na ɗaga asabari. Tsakanin gajimare biyu ga wani ɗan abu kamar ƙwayar shinkafa, yana jan farin zare a bayansa. Ko nasa ne, ko na wasu ne can daban, har yau ba wanda ya sani, amma gari ya riga ya yanke nasa ne. Ƙanwarsa ta kwance mayafi tana kaɗawa, tana guɗa, tana cewa, "Yaya Ƙarami! Ga mu nan! Ka gan mu?"

Ni ina kallon zaren. Ya zo daidai kanmu, bai rage gudu ba, ya miƙa yamma, ya yi ta tafiya har gajimare ya haɗiye shi. Ban taɓa ganin mutum ya iso gida ya wuce gida da irin wannan sauri ba.

Inna na cikin latsa wake da yatsa don ta ji ko ya yi, aka rugo daga tudu: ya sauka lafiya, yana Yamai. Yaya Babba ya ɗaga agogonsa yana nuna wa kowa, kamar shi ya tuƙo. "Mi nac ce muku? Mi nac ce?" Waken kuwa ya nuna daidai. Inna ta zuba mai da yaji, ta rufe kwano da faifai, ta shimfiɗa tabarma a inuwa, ta zauna tana fuskantar ƙofa.

La'asar ta wuce. Aka yi magariba. Kwano yana nan.

Na kira ƙanwarsa na ce ta tambayi Yaya Babba, daga Yamai zuwa nan fa, wake nawa ne? Ta je ta dawo ta ce ya ce wannan ba ya cikin waya, wannan ai gida ne, wanda ya iso Yamai ya iso. Daga nan ya ja kwanon ya ce kada abinci ya lalace, almubazzaranci ba kyau.

Sai daga baya muka ji yadda aka yi. Manyan kar da ke zuwa wajenmu da asuba suke tashi, shi kuwa ya sauka da yamma. Ya je tasha da sabon takalmi ya sami yas, ƙaramar motar haya, ya zauna ciki yana jiran ta cika. Ta cika bayan magariba. Suka tsaya a kowane shingen jandarma. A Doso direba ya ce shi ba ya tafiyar dare, kowa ya nemi benci.

Asabar da safe maza suka taru ƙofar gida. Ɗakina yana jingine da dangar waje, duk abin da aka faɗa ina ji. Aka raba goro da dabino. Liman ya zo ya zauna. Rago yana kuka. Aka ce a ɗan jira uban ɗiya, yana kan hanya. Ana cikin jira sai ga ƙarar babur, mata suka fara guɗa, na miƙe har jiri ya ɗebe ni. Ashe ɗan maƙwabcinmu ne, wanda shi ma yake aiki a Agadas. Motar kar ya shiga ranar Juma'a da asuba, ya kwana Dutsi, ya hau kabu-kabu da sassafe. Ya yi sallama ya zauna, ya ɗauki goro, ya duba hagu da dama.

"Ina angon ƙarnin? Ai jiya na baro shi yana goge takalmi. Na ce mai taho mu tahi, ya ce in yi gaba, shi za shi tarbe ni gida."

Maza suka yi dariya irin wadda ake yi ƙasa-ƙasa don akwai liman. Yaya Babba bai yi ba.

Ga hantsi ya ɗaga, ga hadari ya fara haɗuwa gabas, baƙi ƙirin. Mutane suna da noma a gabansu, kowa yana motsi a kan tabarma. Na ji Yaya Babba yana cewa sunna ita ce rana ta bakwai, ba a ɗaga ta don mutum, kuma shi ma uba ne. Nonona ya tsatso ya jiƙa mini riga. Na jawo ƙanwar maigida cikin ɗaki, na riƙe hannunta, na gaya mata komai, har sunan. Wannan ne karo ɗaya da na faɗe shi da ƙarfi a gidan nan, ina kallon fuskar ɗiyata.

"Ashe munahuncin da kunka ƙulla ke nan? Inna ta ji, ɗanya za ta ci ki." Ta dubi jaririyar. "Ni ma dai in anka sa na Inna, da mi zan kira ta? Sake ni in tahi."

Na ce ta hau tudu ta ce wa maigida ya buɗe baki ya faɗi sunan, ko sau ɗaya a rayuwarsa. Ta fita da gudu. Sai dai Yaya Babba ya ga ta nufi tudu, ya ce madalla, bari ya je ya ji daga bakin mai ɗiya don a fita haƙƙi. Tare suka hau. Da waya ta shiga, kafin ta ce uffan ya miƙo hannu ya karɓa.

Ta dawo ba ta gudu. Ta tsaya bakin ƙofa tana kakkaɓe yashi daga ƙafa.

"Yana ina?"

"Ya baro Doso."

"Mi yac ce?"

Ta kwaikwayi muryarsa, har da ɗan tarin da yake yi in ya ji tsoro: "Yadda kunka gani, Yaya."

Ba a daɗe ba na ji waje ya yi tsit, irin shirun da ake yi in an sunkuya kunnen liman. Aka yi fatiha. Maroƙi ya ɗaga murya ya kwaɗa sunan har sau uku, yadda ko na bayan gari zai ji. Sunan Inna. Kowa a garin nan ya ji shi, kowa yana iya maimaitawa, ban da ni da na haife ta. Kafin a gama feɗe rago ruwa ya sauko.

Inna ta shigo ɗakina a jiƙe, tana kuka. Ta karɓi jaririyar tana cewa, "Takwarata, takwarata, ashe zan gan ki." Ta zauna bakin gado ta yi ta sa mini albarka, irin wadda ba ta taɓa sa mini ba tun zuwana. Ta ciro awarwaron azurfa daga hannunta ta ajiye kan zanen goyo. Na so in ji haushinta, na nema ban samu ba. Sai na ajiye shi duka wa mai zuwa.

Maigida ya iso bayan la'asar, a kan amalanken jaki. Ruwan da aka yi ya cika ƙoramar da ke tsakaninmu da hanyar Dutsi, mai kabu-kabu ya ce nan ya tsaya, sai wani mai ɗaukar taki ya taimaka masa. Wando taɓo har gwiwa, takalmin nan da aka goge yana rataye a wuya. Amma jakarsa tana da wata farar takarda ɗaure a hannunta, ta jirgi, ya kuma juya ta yadda kowa zai gani. Maza suka kewaye shi. Ya ci naman sunan ɗiyarsa kamar baƙo, yana ba da labari: yadda gidajen Agadas suka koma kamar ƙwayar gero, yadda wata mata ta kawo masa shayi bai ma gama sha ba aka ce a ɗaura ɗamara za a sauka. Aka tambaye shi ko ya gan mu. Ya ce ƙwarai, har ya gane gawon tudu. Ɗan maƙwabcinmu ya ce, "To da ka miƙo sunan ta taga."

Da ya shigo wurina ya tsaya nesa kaɗan, kamar mai jiran a ce ya zauna. Ya sa hannu a aljihu ya fito da tsaraba: ɗan ƙullin sukari a takarda, ɗan ƙullin gishiri, cokalin roba, da wani ɗan ƙyalle mai ƙamshi na goge hannu. Ya ce bai taɓa ko ɗaya ba, ni ya ajiye wa.

Na ce, "Sunan fa?"

"Wallahi jirgin bai makara ba. Ki tambayi Yaya, awa biyu ba ta cika ba."

"Na sani. Na gan ka. Ka wuce a kan lokaci."

Ya ce sauran ai ba tafiya ba ce, hanya ce kawai. Na juya masa baya na ba ɗiyata nono. Cokalin dai na riƙe, da shi na fara ba ta kunu.

Ƙanwarsa ce ta fara, don ta tsokane shi. Duk lokacin da ta shigo sai ta ce, "Ina 'yar jirgi? Kawo 'yar jirgi in ɗauka." Shi ya ji haushi, Inna ta ce ga suna mai kyau za a ɓata mata takwara, ni ma da farko kamar ana taɓa mini gyambo. Amma kafin a yi arba'in gari ya ɗauka. Wata rana ɗiyata tana rarrafe ta nufi murhu, na ji bakina ya buɗe da kansa, na kwaɗa sunan nan na tsokana tun daga bakin rijiya. Ta tsaya cak, ta juyo. Kaji suka watse, Inna ta fito tana tambaya ko lafiya. Na ce lafiya lau. Na sake kira, ba don komai ba.

Ba shi ne wanda na zaɓa ba. In na kai ta awo, madam ta asibiti ta ce sunan da ke kan takarda take so, har yanzu sai na juya na dubi matar da ke kusa da ni ta faɗa mini, kamar yadda nake yi da yayanta. Amma na koma kasuwar Tibiri da su biyu, na ɗaure shi da gefen zanena, ita na sake ta, don ita ina da abin kiranta.

Yanzu ga na uku a ciki. Sunan nan na rediyo na riga na kai shi wurin matar liman tun cikin yana wata huɗu, tare da kwanon man shanu, ta ce ta ajiye a inda ya kamata. Maigida kuma na aika masa motar kar zai shiga, tun kafin in fara naƙuda, ya zo ya zauna ya yi ta kumburin ƙafarsa a gabana. Shekaranjiya ƙanwarsa ta sauko daga tudu ta ce yana kan waya, wai Alhaji ya ce akwai wani jirgin da ya fi wancan sauri, me na gani?

Na ce ta koma ta ce masa rezo ya ɗauke.